Abin da Baba Ya Ce in Rubuta

Ranar da likita ya ce a koma da shi gida,
Baba bai tambayi abin da hoton ƙirji ya nuna ba.
Biro ya tambaya.

Ruwa na dukan kwanon ɗakinsa a Tudun Wada.
Na jawo littafin lissafin ɗana,
na zauna a bakin katifa.

Ya ce, Lantana, fara da bashi,
ba a rabon tuwo sai an mai da tukunyar aro.
Dubu arba'in na Sallau a Kasuwar Barci.
Siminti buhu uku na maƙwabci, tun gyaran katanga,
ya ce ya yafe, ni ban ji da kyau ba.
Keken ɗinkin da ke bayan ƙyaure ba nawa ba ne,
gyara aka kawo, mai shi ba ta dawo ba.
Sunanta Gambo. Ku neme ta.

Yaya Nazifi ya ɗaga labule:
Baba, wannan ai kiran mutuwa ne.
Baba ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Ya ce, ba a kiran ta, ta san gida.
Shekara ashirin na yi a masaƙar Kakuri,
ban ga zaren da ya warware kansa ba.
Amma na ga gidan Alhaji Tanimu,
shekara tara a kotu,
lauyoyi sun ci shago, gara ta ci rufi,
'yan ciki ɗaya ba sa gaisawa ko a maƙabarta.

Rubuta.
Takardar gidan nan na ƙasan adaka, cikin leda.
Ɗakin baya uwarku ta gina da kuɗin ƙosai,
bulo bulo, damina huɗu.
Nata ne. Kada a auna shi da nawa.
Tumuninta daban.

Abin da Allah ya raba ban sa baki ba,
alƙali ya fi ni lissafi.
Sulusi kaɗai aka bar mini,
a nan zan yi magana.

Mudi riƙo na yi, ba shi da kaso.
Amma wa ke ɗaga ni da asuba?
A ba shi akwatin kayan aiki da rumfar.

Sai Ishaya na Sabon Tasha.
Shekarar da gari ya kama wuta
kwana huɗu na yi a ƙarƙashin gadonsa,
matarsa na turo mini kwano da ƙafa.
Ya sa ni a gadonsa, ku sa shi a nawa.

Nan biro ya tsaya mini.
Ya ce, share ido, ruwa na ɓata tawada.
In numfashi ya koma na inji,
kada ku sai da filin Rigasa
don ku sayo mini mako guda.
Ku bar ni inda nake jin kiran sallar unguwarmu.
In ta zo, kada a jira na Abuja,
a kai ni kafin la'asar.

Liman ya sa hannu, mai unguwa ya sa,
Baba ya ja sunansa da ajami, yana rawa kamar sawun kaza.
Washegari na kai aka buga hatimi.

Kwana goma sha tara ya ƙara.

Bayan arba'in na hau gada da ambulan a jaka,
kogi ya cika, ja kamar kunun kanwa.
Ishaya bai buɗe ba.
Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, ya sha wuya?

An raba, ba wanda ya ɗaga murya.
Shafin bashi duk na ja masa layi, sai ɗaya.
Keken na nan bayan ƙyaure,
ina sa masa mai duk Juma'a.
Wanda ya san wata Gambo mai ɗinki,
ya ce mata an gama gyara.